Wasiƙun Matan Fadar Santambul: Wa Ya Riƙe Alƙalamin?

 

A wannan fitowa za mu ɗan jingine nahawu da sarfu, mu duba wasu takardu da matan gidan sarautar Daular Usmaniyya suka bari. Ta Turkawa muke nufi, wadda kakanninmu suke kira ƙasar Sarkin Santambul, kada wani ya ɗauka ta Shehu ɗan Fodiyo ce. Matan nan sun rayu tare a cikin gida ɗaya, a kulle, daga zamanin Sarki Sulaimanu wanda ya hau mulki a 1520 har zuwa rasuwar Turhan a 1683. Uwar sarki tana ciki, da matansa da ƙwaraƙwaransa da 'ya'yansa mata da kuyangi masu yawa. Baƙon namiji ba ya ganinsu, amma takardunsu sun fita har Ingila da Folan da Farisa.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne, da yawa daga samarinmu da iyayenmu mata sun kalli wasan kwaikwayon nan na Turkawa da tashoshin Larabawa suka sa wa suna Harimus Sulɗan. Daga nan magana ta rabu biyu a bakin masallaci. Wasu suna cewa ai mata ne suka rusa daular, wasu kuma suna cewa ai ga shi mata sun yi mulkin Musulmi shekara ɗari da wani abu. Kowane ɓangare in ka matsa masa sai ya ce da kai akwai wasiƙunsu. To, wasiƙun dai akwai su. Sai dai yadda ake karanta su, nan gizo yake saƙa.

Mafi yawansu suna ajiye a taskar fadar Topkapi. Wani masanin tarihi Baturke, Cagatay Ulucay, ya fitar da wasu a littafi a 1950, ya ƙara fitar da wasu a 1956. Wata Baturiyar Ingila, Susan Skilliter, ta buga wasiƙu uku na Safiya zuwa ga Sarauniya Elizabet ta Farko a 1965, da asalinsu da fassara da sharhi. Sannan Leslie Peirce, Ba'amurkiya, ta tara wannan duka ta gina littafinta The Imperial Harem a kansa a 1993. Waɗannan ayyuka uku su ne muke aunawa a nan.

Ɗalibin da ya zauna gaban malamin hadisi ya san tambayar farko: ta wace hanya wannan magana ta iso mana? Takardar da aka samu ita kanta, da tawadarta da hatiminta, tana ajiye a wurin wanda aka aika wa, darajarta daban. Haka wasiƙun Hurram da 'yarta Mihrimah zuwa ga Sarkin Folan suke, suna nan a taskar tarihi ta birnin Warso. Haka ta Safiya ta 1593, tana Landan. Amma akwai wasu wasiƙun sarauta da ba su iso ba sai ta hanyar kundayen insha'i, wato littattafan da magatakarda suke tara kyawawan wasiƙu a ciki don almajiransu su koyi salo. Mai tara irin wannan kundi kyawun lafazi yake nema, saboda haka ba ya jin komai in ya gyara jumla ko ya ƙara baiti. Mafi shahara a cikinsu shi ne na Faridun Bey, wanda ya miƙa wa Sarki Murad na Uku a 1575. An daɗe ana dogara da shi, har wani masani Baturke, Mukrimin Halil, ya nuna cewa wasu takardun da aka jingina wa sarakunan farko na daular a ciki, daga wani tsohon kundi na ƙasar Hawarizmu aka kwaso su, aka sauya sunaye kawai. Kun ga ke nan ba kowace takarda mai suna wasiƙa ce take cin shaida ba.

Tambaya ta biyu ta fi wannan nauyi, ita ce kuma muka sa a kan take. Hurram ba Baturkiya ba ce. Daga yankin da yake yammacin Yukren a yau aka kamo ta tana yarinya, lokacin yana ƙarƙashin sarautar Folan, aka kawo ta fada a matsayin baiwa. Wasiƙunta na farko zuwa ga Sulaimanu, irin wadda ta aika masa a 1526 yana yaƙin Hangare, cike suke da saja'i da kalmomin Farisanci da Larabci da baitoci. Yarinyar da ba ta fi 'yan shekaru da fara jin Turkanci ba, ina ta samo wannan? Amsar da masu bincike suka bayar, Peirce ma a kanta take, ita ce magatakarda ne ya rubuta, ita tana faɗa yana sa wa maganar riga. Daga baya ne, da harshen ya zauna mata, ake ganin wasiƙu da hannunta, rubutun bai kai na farko kyau ba, adon ma ya ragu.

A nan muke da magana da Ulucay. Ya yi babban aiki, don shi ya fito da takardun daga cikin ƙura, ba don shi ba da har yanzu labarin 'yan kasuwa da jakadun Turai kawai ake maimaitawa. Amma sunan da ya sa wa littafinsa na 1950, wato wasiƙun soyayya zuwa ga sarakunan Usmaniyya, ya karkatar da idon mai karatu tun daga bango. Mutum zai buɗe yana neman bege da kuka, kuma zai samu, don Hurram tana kiran kanta baiwa marar ƙarfi, tana cewa rabuwa ta ƙone ta, tana ambaton ƙurar ƙafarsa. Abin da ba a gaya wa mai karatu da ƙarfi ba shi ne, wannan harshe na ƙasƙantar da kai shi ne harshen duk wanda yake rubuta wa sarki a wannan daula. Babban waziri ma bawa yake kiran kansa. Mu ma ai mun san wannan a gidajen sarautarmu: wanda ya faɗi ya ce "ranka ya daɗe, bawanka ne," ba a auna ƙaunarsa da wannan kalma, don maƙiyi ma haka zai ce. Ba muna cewa ba ta son mijinta ba ne. Sulaimanu ya 'yanta ta ya aure ta, abin da sarakunan gidan suka daɗe da bari, kuma ya zauna da ita har ta rasu a 1558. Cewa muke yi, in ana neman Hurram ɗin kanta, a tsallake dibaja a gangara ƙasa.

Can ƙasa kuwa akwai ta. Tana ba shi labarin yaran, wane ya yi kuka da aka karanta wasiƙarsa, wane yana gaishe shi. Tana faɗa masa maganin da aka yi wa kafaɗar ƙaramin ɗansu Jihangir, wanda aka haifa da lalurar ƙashin baya. Tana faɗin annobar da ta shiga birni. A wasiƙar 1526 ɗin nan ma an ga ya tambaye ta dalilin fushinta da waziri Ibrahim, ta ce sai ya dawo za ta faɗa masa baki da baki. Wurin da ya fi tsaya mana a rai shi ne inda take roƙonsa, yana can bakin yaƙi a gabas, ya riƙa aiko manzo a kai a kai, domin in aka yi mako ɗaya ko biyu ba labari, gari yakan ɗauka da jita-jita, kowa da abin da yake faɗa, ta kuma ce kada ya zaci don kanta kawai take roƙo. Ku duba wannan da kyau. Mace ce a bayan katanga, ba ta zuwa kasuwa, ba ta zama a majalisa, amma ta san abin da ake faɗa a kasuwar, ta kuma san cewa sarkin da aka daina jin ɗuriyarsa gadonsa yana rawa, ga 'ya'ya manya kowanne da mutanensa. Jumla biyu ce ba saja'i ba baiti, amma ta fi shafi guda na magatakarda gaya mana ko ita wace ce.

Irin wannan bambanci ya fi fitowa fili a wasiƙun Safiya, kuma a nan ne aikin Skilliter ya yi kyau ƙwarai, don ta tsaya kan takarda da tawada da hannun marubuci kafin ta ce komai game da ma'ana. Safiya 'yar ƙasar Albaniya ce, ƙwarƙwarar Murad na Uku, uwar Muhammadu na Uku. Wasiƙarta ta farko zuwa ga Elizabet, ta 1593, abin kallo ce: tawada launi-launi, an yayyafa mata garin zinariya, yabo da kirari sun cinye mafi yawanta kafin a zo ga saƙon, saƙon kuwa bai wuce an karɓi kyauta, za a yi wa sarki maganarku ba. Biyun da suka biyo baya a 1599, lokacin ta zama uwar sarki, gajeru ne, rubutunsu ba na gwanin fada ba ne. A cikinsu ne take cewa tana yi wa ɗanta nasiha kullum ya tsaya kan alkawarin da ke tsakaninsu da Ingila, ta yi godiyar keken doki da aka aiko mata, ta lissafa tufafin da ta mayar. Ɗalibin balaga zai so ta farko, ba mu hana shi ba, akwai abin koyo a yadda aka jera ta. Amma mai neman tarihi ya riƙe na 1599.

Af, kafin mu wuce: wannan fada da muke magana, ita ce ta amsa wa Mai Idris Alauma na Barno wasiƙarsa a 1577, zamanin Murad na Uku, lokacin Nurbanu tana uwar sarki. Ba wata duniya ce mai nisa da kakanninmu ba.

Sai maganar fassara, wadda ta shafe ku kai tsaye, ku masu koyon Larabci. Wasiƙa takan bar Santambul da Turkanci, tafinta ya juya ta zuwa Italiyanci ko Latin, a Landan kuma a sake juya ta zuwa Ingilishi. Ta Safiya ta farko haka ta bi har ta shiga kundin tafiye-tafiye na Richard Hakluyt, inda Turawa suka daɗe suna karanta ta. Masanan da suka gwada asali da fassara a wasiƙun sarakunan zuwa ga Elizabet sun tarar da abin dariya: inda asali yake umartar ta da ta dawwama kan biyayya da miƙa wuya, kamar yadda ake rubuta wa ƙaramin sarki, tafinta ya mayar da shi sahihiyar abota. Tafinta yana son kansa ya zauna a wuyansa, yana kuma son ciniki ya ɗore, sai ya ba kowane ɓangare abin da kunnensa zai ɗauka. Yau wanda zai kawo muku maganar Hurram ko Safiya a waya, sau da yawa daga Ingilishi ya ɗauko, ko daga Larabcin da aka juyo daga Ingilishi, ya zuba ta a Hausa. Hannu huɗu ke nan ko biyar. In ruwa ya bi ta wannan yawan tulu, a tambayi wanda ya ɗebo shi daga rijiya kafin a sha.

Su wa suke fitar da takardun daga cikin gida? Mu Hausawa ba ma buƙatar dogon bayani a nan, don muna da jakadiya. Turkawa suna kiranta kira, kuma a wancan zamani yawanci Bayahudiya ce mai kai kayan ado da yadi cikin gida, tana fita da saƙo. Nurbanu tana da Esta Handali, wadda take rubuta wa mahukuntan Bunduƙiyya, wato birnin Benis, a madadinta. A cikin saƙonnin Nurbanu ga jakadan wannan birni har da ƙorafin cewa karnukan da aka kawo mata sun yi girma, gashinsu ya yi yawa, ƙanana farare take so. Safiya kuma tana da Esferanza Malki, wadda ta rubuta wa Elizabet da Italiyanci a ƙarshen 1599 tana cewa a daina wahalar aiko duwatsu masu daraja, a aiko ruwan gyaran fuska da man shafawa, kuma a damƙa su a hannunta ita kaɗai. Bayan 'yan watanni, a 1600, sojojin doki suka yi bore kan lalacewar kuɗin da ake biyansu da shi, suka ɗora laifin a kanta, suka kashe ta. Uwar ɗakinta tana bayan katanga, hannu bai kai gare ta ba, sai ya sauka kan wadda take shiga tana fita.

Yanzu ga wani abu da ba mu ga an tsaya a kansa yadda ya kamata ba. Wasiƙa 'yar nisa ce. Ba ka rubuta wa wanda kuke cin tuwo a akushi ɗaya. Saboda haka takardun nan suna gaya mana abin da ke tsakanin matan da sarki in ya tafi yaƙi, da waziri, da sarakunan waje, amma zaman da suka yi su ya su, shekara talatin ko arba'in a tsakar gida ɗaya, wanda shi ne mutane suka fi ɗokin ji, kusan babu shi a ciki. Sai dai a tsinto shi a gefe. A wasiƙun Hurram ana yawan ganin sunan wata Gulfam, tana gaishe da sarki, wani lokaci ma ta ƙara nata saƙon a ƙasan takardar. Mace ce babba a cikin gidan, ta gina masallaci a Uskudar. Wannan ɗan abin yana nuna mata biyu da suka saba har suna tarayya a takarda ɗaya. Haka kuma an san Nurbanu ta jawo wata Janfida ta ba ta riƙon cikin gida, kamar uwar soro a wurinmu, ta kuma yi wa ɗanta wasiyya da ita.

To ina aka samo labaran kishi da yaƙushi da ake nunawa? Shahararren labarin nan cewa Mahidauran, uwar Mustafa, ta yaƙushi fuskar Hurram ta tuge mata gashi, daga rahoton jakadan Bunduƙiyya Bernardo Nabajero ya fito, wanda ya gabatar a 1553. Namiji ne, baƙo, bai taɓa taka cikin gidan ba, yana ba da labarin abin da aka ce ya faru shekaru da yawa kafin zuwansa. A ma'aunin da muka koya, wannan ji-ta-ji-ta ce daga wanda ba a ambata ba. Ba mu ce ƙarya ce ba, kishi ai ba baƙo ba ne a gidan da mata suka taru kan miji ɗaya. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, masu ɗakin kuwa ba su rubuta wannan ba. Haka zancen cewa Hurram ce ta kitsa kashe waziri Ibrahim a 1536 da Mustafa a 1553. Mutanen zamaninta sun zarge ta, ita da surukinta Rustam, kuma 'ya'yanta ne suka ci ribar mutuwar Mustafa, wannan gaskiya ne. Wasiƙun da ke hannu ba su tabbatar ba. Ba su kuma wanke ta ba, don mai kitsa irin wannan ba ya sa shi a takarda. Wanda ya ba da umarni dai sananne ne, Sulaimanu ne, a cikin tantinsa aka shaƙe ɗansa. Mun lura marubuta da yawa, na da da na yanzu, sun fi jin sauƙin zagin matar da su ambaci wannan.

Kalmar "mulkin mata" da ake yawo da ita, wani marubuci Baturke ne, Ahmad Rafiƙ, ya sa ta sunan littafinsa a 1916, daular tana gab da faɗuwa, mutane suna neman wanda za su ɗora wa laifi. Ƙorafin kansa ya girmi littafin, don tun a 1599 Shaihul Islam Sun'ullah ya fito fili ya soki shigar mata cikin al'amuran mulki. Amma mu tsaya kan lafazi, tunda sana'armu ce. A fiƙihun siyasa na wancan zamani alamar sarauta biyu ce, a ambaci sunanka a huɗubar Juma'a, a buga shi a kan kuɗi. Shajaratud Durri ta samu wannan a Masar a 1250. A cikin matan Santambul babu wadda ta samu, babu kuma wadda ta nema. Duk abin da suka yi, da sunan miji ko ɗa ko jika suka yi shi. Saboda haka mai kafa hujja da su cewa mace ta yi sarautar Musulmi ya ɗauko misalin da bai dace da da'awarsa ba. Mai cewa su suka rusa daular kuma sai ya gaya mana yadda ginin da aka rusa ya ƙara tsayawa fiye da shekara ɗari biyu bayan rasuwar ta ƙarshensu.

Abin da suka riƙe shi ne matsayin uwar sarki, walida a harshensu, Mai Babban Ɗaki in ji Kanawa, Magira in ji Barebari. Ku karanta Kosem ku ga yadda abin yake. Ɗanta Murad na Huɗu ya hau gado a 1623 yana ɗan shekara goma sha ɗaya. A wata wasiƙa da ta aika wa babban waziri, tana cewa lallai a yi wani abu game da Yaman, domin ita ce ƙofar Makka. A takardar nan dai, ba tare da ta sauya murya ba, sai ta koma kukan cewa yaron yana fita da safe sai dare, ba ta ganinsa, ba ya kiyaye sanyi, zai sake kwantawa ciwo. Ba mu san wata takarda da ta fi wannan nuna matsayin ba: lardi guda yana shirin ficewa daga hannu, da yaron da ba ya jin magana, duk a zuciya ɗaya, don a wurinta abu ɗaya ne. In yaron ya faɗi, ita da daular duk sun shiga uku. Yaman kuwa ta fita daga hannunsu bayan 'yan shekaru, limaman Zaidiyya suka karɓe ta.

Babbar hujjar Peirce ita ce, Bature yana ɗauka duk abin da ke cikin gida ba shi da iko, iko yana waje. A wannan daula kuwa abin a juye yake. Sarkin kansa a ɓoye yake, ba kowa yake ganinsa ba, kuma gwargwadon kusancinka da ciki gwargwadon girmanka. Ta kuma nuna cewa a cikin gidan ba a ba yarinya mai tashe iko, sai wadda ta haihu ta manyanta. Mun yarda da ita a nan ɗari bisa ɗari, kuma duk wanda ya tashi a babban gida a zangonmu ya san tsohuwar da ba ta leƙa zaure amma ba a ɗaura aure ko a raba gado sai an ji ta bakinta. Ta kuma yi daidai da ta haɗa wasiƙun da takardun waƙafi, domin a can ne matan suka yi magana da sunansu a gaban alƙali da shaidu. Hurram ta gina masallaci da makaranta da asibiti a Santambul, ta kafa gidan ciyarwa a Ƙudus a 1552 wanda har yau ake dafa abinci a cikinsa, da wasu a Makka da Madina. Mihrimah ta kashe dukiya mai yawa wajen gyaran hanyar ruwan Zubaida. Safiya ta fara babban masallaci a bakin ruwa a 1597, aikin ya tsaya shekaru, Turhan ta ƙarasa aka buɗe shi a 1665.

Inda muka rabu da ita shi ne wurin sanyin murya. Aikinta ta bayyana yadda tsarin yake tafiya, kuma ta bayyana, har mai karatu yakan wayi gari yana ganin komai daidai yake tunda kowane abu yana da dalilinsa. Mu kuwa ba za mu karanta a haka mu wuce ba. Matan nan yawancinsu 'ya'yan mutane ne da aka sato daga garuruwansu. Masu tsaron ƙofarsu babanni ne da aka kawo daga Habasha da ƙasashen Kogin Nilu suna yara, aka yi musu aika-aikar da malaman fiƙihu suka haɗu a kan haramcinta, fadar kuma tana saye tana cewa ai ba ita ta yi da hannunta ba. Babbansu, tun daga Muhammadu Aga Bahabashe a 1574, ya zama mai faɗa a ji har aka ba shi kula da waƙafin Harami biyu, amma girman muƙami bai mayar masa da abin da aka raba shi da shi ba. Sannan ga dokar da ta halatta wa sabon sarki kashe 'yan'uwansa. Ranar da ɗan Safiya ya hau gado a 1595, an fitar da gawar 'yan'uwansa goma sha tara daga fadar. Kowane ɗaya da uwarsa a cikin gidan nan, wadda jiya suke gaisawa da Safiya. Aka kwashe su zuwa Tsohuwar Fada, inda ake ajiye matan sarkin da ya shuɗe. Ba su da magatakarda, ba su da jakadiya mai zuwa wurin jakadun Turai, ba mai buga musu littafi. Duk lokacin da muka ce "wasiƙun matan fada," na waɗanda 'ya'yansu suka yi nasara muke nufi. Wanda ya san wannan doka kuma zai sake karanta roƙon Hurram na a aiko manzo da wani ido dabam, don ta san abin da zai sami 'ya'yanta huɗu in labari ya zo cewa sarki ya mutu ɗan wata ya riga su isa gadon.

Kosem ta ga ƙarshen wannan hanya da kanta. Bayan Murad ta riƙe ɗanta Ibrahim, da aka tuɓe shi a 1648 aka ɗora jikanta Muhammadu na Huɗu yana ɗan shekara shida. A al'ada sai ta koma Tsohuwar Fada ta bar wa uwar yaron, Turhan, wurin. Ba ta koma ba, manyan daula suka ce Turhan yarinya ce. Shekara uku uwar miji da matar ɗa suna gida ɗaya, kowacce da babanninta, sojojin Janisari suna bayan tsohuwar. Marubutan tarihin daular sun ce wata kuyanga mai suna Maliki ce ta kai wa Turhan labarin ana shirin kawar da ɗanta a ɗora ƙanensa. Wannan saƙo da baki aka kai shi, daga wannan ɗaki zuwa wancan. A wani dare na Ramadan, farkon Satumba 1651, mutanen Turhan suka shiga sashen Kosem suka shaƙe ta.

Mutanen birni sun rufe kasuwanni kwana uku saboda ita. Sun san ta da biyan bashin waɗanda aka ɗaure saboda bashi a watan Rajab, da yi wa 'yan mata marasa galihu kayan ɗaki. Aka binne ta kusa da mijinta Ahmadu na Farko, a gefen masallacinsa. Turhan kuma ta ci gaba da aika wa wazirai takardu kan kuɗin soja da jiragen ruwa, ana tsakiyar yaƙi da Bunduƙiyya kan tsibirin Kirit, har ta miƙa ragamar ga waziri Koprulu Muhammadu a 1656, ta juya ga gina ganuwa biyu a bakin mashigin Dardanil.

Allah ya jiƙan Musulmin da suka riga mu.